Gano Matsala Daban, Bayaninta Daban

Ina SIWES bayan ND I, janareton kamfanin da aka tura ni ya riƙa mutuwa da kansa. Ni na gano filtar dizal ce ta toshe. Amma da manaja ya tambaye ni, sai na kama inda-inda. Abokina ya yi bayanin cikin minti ɗaya, kuma shi aka ce ya dawo IT na shekara guda.

A 1973 hukumar ITF ta ƙirƙiro SIWES don ɗalibi ya saba da wurin aiki tun kafin ya gama karatu. A can, sau da yawa mai sa hannu a fitar da kuɗin gyara bai san inji ba. Abu huɗu yake son ji: me ya lalace, me ya jawo, me za a yi, nawa zai ci.

To, logbuk ɗinka ne filin atisaye. Don Allah kada ka jira sai sufabaiza zai zo ka kwafi na wani. Kullum rubuta huɗun nan, ka karanta wa ɗan ɗakinku mai karatun akanta. In ya gane, manaja ma zai gane.