Haske Mai Zaɓen Hanya

Kowane malamin makaranta ya san abin da muke koya wa yara game da haske: idan ya faɗa kan gilashin taga, wani ya wuce, wani ya komo. Gilashin kuwa ba ya son kai. Gwargwadon abin da ya mayar ta gabas, shi zai mayar ta yamma. To, yanzu masana sun ƙera abin da ya saɓa wa wannan.

Asalin maganar lissafi ne na Bender da Boettcher, a Amurka, cikin 1998. Masu binciken haske suka ɗauko shi, suka ce a haɗa riba da hasara daidai wa daida. A 2010 aka gwada a Jamus: aka jera ƙananan magudanan haske biyu kusa da juna, ɗaya ana ƙara wa haskenta ƙarfi, ɗaya tana shanye shi. Sai ga shi yadda hasken ke fita ya dogara ga ƙofar da ya shiga. A 2013 aka ƙera ɗan guntun silikon mai mayar da haske ta gefe ɗaya kaɗai. A 2020 kuma, a Jami'ar Rostock, aka shirya jerin hanyoyi inda haske, ko ta ina aka zuba shi, yakan taru wuri guda kamar ruwa a mazurari.

Amfaninsa fa? A 2014 an yi fitilar leza mai launi ɗaya tak da wannan dabara, irin hasken da aika saƙo ta zaren gilashi ke bukata.

Saboda haka, malamai, kada mu ce wa yara ilmi ya ƙare a littafin aji. Allah ya ƙara mana sani, amin.