Komawa Aji Bayan Girma

Karatun manya, wato mutum ya koma neman ilimi bayan ya yi aure ya haihu ya kama sana'a, yana cikin tsofaffin hanyoyin da mutanen ƙasar Hausa ke bi su sauya rayuwarsu da gangan. Yaro kai shi makaranta ake yi, ko yana so ko ba ya so. Babba kuwa shi yake kai kansa. Sai ya zauna ya duba inda yake da giɓi, ya yanko lokaci daga kasuwa ko gona ko girki, sannan ya daure ya zauna gaban malamin da mai yiwuwa ɗan cikinsa ne. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa sun aikata abin da suka faɗa.

Misali mafi tsufa da aka fi sani shi ne na Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Bayan jihadi, ƙauyuka sun cika da matan da ba su taɓa zama gaban malami ba, kuma babu yadda za a yi matar aure mai goyo ta bar gida ta tafi Sakkwato karatu. Nana Asma'u ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai natsuwa a kira ta jaji, a ba ta malfa da jan rawani alamar muƙaminta. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffin mata da ƙananan 'yan mata su zo wurin Nana, su koyi darasi, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Darasin yakan zo cikin waƙa, da Hausa ko Fulatanci, domin mace ta iya maimaita shi tana daka ko tana kaɗi. Abin lura a nan shi ne ba a jira matan su samu sarari ba. An duba yadda rayuwarsu take, aka yanka karatun daidai da ita. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, kuma Malam Ahmadu Coomassie yana cikin waɗanda suka riƙe ragamarsa. An buɗe azuzuwa a zauruka da gindin itatuwa, magidanta suka zauna da allo da littafi suna koyon boko. Abin da ya kai yawancinsu ajin ba ɓoyayye ba ne. Manomi yana so ya karanta rasit ɗin harajinsa, ya ga abin da sikeli ya nuna ranar da ya kai gyaɗa ko auduga, ya karanta wasiƙar ɗansa da ke Kurmi ba tare da wani ya ji sirrin gidansa ba. Masu shirin sun gano da wuri cewa wanda ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, nan da 'yan watanni zai koma gidan jiya. Saboda haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya a 1954, tana buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa tun 1939 ta fara fitowa, sai ga shi ta samu sababbin makaranta a ƙauyuka.

Daga baya aikin ya koma hannun hukumomi na dindindin. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, gwamnatin tarayya kuma ta kafa tata a 1990. Makarantun Islamiyya na matan aure, na dare da na ƙarshen mako, suka bazu a birane da ƙauyuka. A can sama kuma akwai Jami'ar Karatu Daga Gida ta Najeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. A cikinta ne tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya yi digirin digirgir yana kusan shekara tamanin.

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga yadda karatun babba yake tafiya. Wani masani Ba'amurke mai suna Malcolm Knowles ya yi rubutu mai yawa a kan wannan a shekarun 1970, inda ya nuna cewa babba yana koyon abin da ya ga amfaninsa kusa, yana zuwa aji da tarin abin da ya sani daga zaman duniya, kuma ba ya jure a ɗauke shi yaro. Shi ya sa niyyar da ta ce "ina so in waye" ba ta daɗewa, don ba ta da inda za a kama ta. Wadda ke ɗorewa ita ce mai suna da iyaka: tela ya ce yana so ya riƙa rubuta awon mutane da bashin da yake bi a littafi kafin babbar Salla, ko uwa ta ce tana so ta karanta takardar sakamakon jarrabawar 'yarta da kanta a ƙarshen zango. Irin wannan buri yana da ranar da za a duba a ga ko an kai.

Sai batun lokaci, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885, inda ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a sa'o'in farko da kwanakin farko, amma idan ana bitarsa a kai a kai, da tazara tsakani, sai ya zauna. Malaman tsangaya sun daɗe da sanin haka ba tare da sun ji sunansa ba, domin tilawar asuba da ta dare a kan wannan aka gina su. Ma'anarsa ga magidanci ita ce rabin awa kullum bayan sallar isha ya fi awa huɗu ranar Lahadi kaɗai. Kuma gara a ɗaura karatun a jikin abin da ba ya tashi, kamar salla ko rufe shago, domin lokacin da aka bari sai an samu sarari, biki da gaisuwar mutuwa da baƙi sukan cinye shi.

Abokan tafiya ma suna da nasu aikin. 'Yan Taru ayari ne, ajin Yaƙi da Jahilci ma taro ne. Ranar da mutum ya yi fashi akwai mai tambayar lafiya, kuma kunyar abokan aji takan tayar da wanda gajiya ta kwantar. Wata kunyar ce take kashe karatu, ta dattijon da ke gudun a gan shi da littafin 'yan aji ɗaya. Abin takaici ne a ce har yanzu ana samun masu yi wa irin wannan mutum dariya, alhali shi ne ya yi abin da ya fi wuya. Ga mata kuma, yardar maigida da samun mai riƙe yara su ne mabuɗi, kuma gidan da aka zauna aka raba wannan nauyi tun farko shi ne gidan da matarsa ke kaiwa ga sauka ko karɓar takardar shaida.

Ribar takan fara bayyana a ƙananan abubuwa. Mai jego ta karanta yadda za a ba jariri magani. Ɗan kasuwa ya duba saƙon banki a wayarsa ya tabbatar kuɗi sun shigo kafin ya saki kaya. Dattijo ya sa hannu da sunansa inda a da yake dangwala yatsa. Daga nan sai mutum ya fara ganin kansa a matsayin wanda zai iya koyon wani abu kuma, ko lissafi ne, ko gyaran waya, ko fiƙihu, kuma 'ya'yan da suka tashi suna ganin uwa ko uba da littafi ba sa bukatar doguwar huɗuba kan amfanin makaranta.

Kowace shekara, ranar 8 ga Satumba, duniya na bikin ranar yaƙi da jahilci, amma azuzuwan ba sa jiran wannan rana. Jihohin Arewa suna da hukumomin ilimin manya, Jami'ar Karatu Daga Gida tana da cibiyoyi a jihohi, Islamiyyun dare kuma suna cikin unguwanni. Waɗanda ke da wannan niyya, ko suke da uwa ko mata ko yaron shago mai ita, su je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsu ko wurin mai unguwa su tambayi ajin da ya fi kusa da gida, da ranar da ake ɗaukar sababbin ɗalibai.