Ragowar Hayaƙi a Cikin Silinda da Yadda Ake Ƙiyasta Yawanta

Sanin kowa ne cewa injin mota yana shaƙar iska da mai, ya ƙona su, sa'an nan ya fitar da hayaƙi ta salansa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu makanikai, shi ne hayaƙin nan ba ya fita duka. Duk sa'ad da fistin ya tunkuɗo shi waje, akwai wani kaso da yake maƙalewa a cikin silinda har sabuwar iska ta shigo ta same shi. Wannan ragowa tana da hannu a yawan man da mota za ta sha, da irin gubar da za ta zuba a sarari, da kuma ko injin zai yi aiki lami lafiya ko kuwa ya riƙa tari yana mutuwa a bakin danja.

Injin fetur na yawancin motoci yana bin tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876, mai matakai huɗu: shaƙa, matsewa, ƙonawa, da fitarwa. A mataki na ƙarshe fistin yana hawa sama yana korar hayaƙi, amma ba ya kaiwa rufin silinda, domin da zai kai da ya yi karo da shi. A injin da yake matse iska ninki goma, sararin da ya rage a sama ya kai ɗaya bisa goma na cikin silindar, kuma cike yake da hayaƙi. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko tasiri. Bawul ɗin shigar iska yana fara buɗewa tun na fitar hayaƙi bai gama rufewa ba. Idan mota tana silo, totur kusan a rufe yake, saboda haka matsin iskar da ke bututun shiga yana sauka zuwa wajen sulusin na iskar waje. Sai hayaƙi ya yi baya ya kutsa cikin bututun, ya sake dawowa tare da sabuwar iska. Shi ya sa a lokacin silo ragowar takan kai wajen kashi 20 cikin ɗari na abin da ke cikin silinda, alhali idan an taka totur sosai ba ta kai kashi 10 ba. A injin dizal kuwa, wanda yake matse iska fiye da haka kuma ba a shaƙe masa hanyar iska, 'yar kaɗan ce.

Wanda ya karanci halittar jikin ɗan Adam ba zai ga baƙon abu a nan ba. Baligi yana shaƙar kimanin rabin lita na iska a kowane numfashi, amma ko ya fesar da numfashi iya ƙarfinsa, wajen lita 1.2 tana nan a huhunsa. Wannan iska ita take hana 'yan jakunkunan huhu manne wa juna. Tun da ba ta fitowa, ba a iya tara ta a auna. A 1800 masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya shaƙi iskar haidurojin wadda ya san yawanta, ya bar ta ta gauraya da ta huhunsa, ya fesar, sa'an nan ya auna yadda ta tsinke. Dabarar daidai take da ta mai son sanin yawan ruwan da ke cikin randa ba tare da ya juye ta ba: ya zuba gishirin da ya auna, ya motsa, ya ɗebi kaɗan ya duba ƙarfin gishirin. Asibitoci suna bin wannan hanya da iskar hiliyam, kuma injiniyoyi da irinta suka tunkari silinda.

Kafin a zo ga awo, ya kamata mai karatu ya san dalilin damuwa da ragowar. Hayaƙi ya riga ya ƙone, ba zai sake kamawa ba. Aikinsa shi ne ya shanye wani ɓangare na zafin wutar, ya rage mata kaifi. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin idan zafi ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyos, naitirojin da oksijin na iska suna fara haɗuwa da sauri, su haifar da iskar guba mai cutar da huhu. A farkon shekarun 1950 Arie Haagen-Smit ya nuna cewa wannan iska, idan ta haɗu da tururin mai da hasken rana, ita take haddasa hazon da ya addabi birnin Los Anjalas. Bayan dokar tsabtar iska ta Amurka ta 1970, kamfanonin motoci suka fara, wajen 1973, mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji da gangan. Bugu da ƙari, hayaƙin yana cike gurbi a silinda, sai a buɗe totur fiye da da, injin ya rage wahalar zuƙo iska, mai ya ɗan yi auki.

Sai dai tazarar da ke tsakanin amfani da ɓarna ba ta da faɗi. Idan hayaƙin ya yi yawa, wutar da fulogi ya kunna tana tafiya a hankali, ko ta mutu ba ta gama cinye man ba, ɗanyen fetur ya fita ta salansa. Duk wanda ya saurari ƙaramin janareto mai cin fetur gauraye da baƙin mai, ko tsohon babur irin wannan, lokacin da ba a ɗora masa nauyi ba, ya ji yadda ƙararsa take tsinkewa tana dawowa. Irin waɗannan injina masu matakai biyu ba su da bugun da aka keɓe don korar hayaƙi, ragowar takan kai rabi ko fiye, sai wuta ta kama a wani zagaye ta ƙi kamawa a na gaba.

A ɗakin gwaji ana sanya wani ƙaramin bawul mai saurin gaske wanda yake tsakuro iska daga silinda lokacin matsewa, kafin fulogi ya ba da wuta. Iskar waje ba ta da kabon dayoksaid sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, hayaƙin fetur kuwa yana ɗauke da wajen kashi 14 cikin ɗari. Alal misali, idan aka sami kashi 2 a abin da aka tsakuro, to ɗaya bisa bakwai na cikin silindar hayaƙi ne. Lissafin mai sauƙi ne, amma kayan aikin suna da tsada da laushi, ba na ɗorawa a motar haya ba ne. Ga kuma sauri: injin da ke juyawa sau 3,000 a minti, kowace silinda tasa tana kama wuta sau 25 a daƙiƙa guda.

Saboda haka motar da ke kan hanya ba ta auna ragowar, ƙiyasi take yi. A 1993 Fox da Cheng da Heywood na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka suka wallafa wani tsarin lissafi wanda ya raba ragowar gida biyu, wadda ta yi baya lokacin da bawuloli biyu suke buɗe da wadda ta maƙale a saman fistin. Tsarin yana amfani da saurin inji, da matsin iska a bututun shiga da na fita, da tsawon lokacin da bawulolin suke buɗe tare. Kwamfutar inji tana da akasarin waɗannan bayanai, sai ta yi irin wannan lissafi ta daidaita lokacin ba da wuta da yawan mai. Bukatar hakan ta ƙaru da zuwan injinan da suke sauya lokacin buɗe bawul suna cikin tafiya, kamar na BMW a 1992 da na Toyota a 1995, domin kowane sauyi yana canza yawan ragowar nan take. Raunin hanyar a fili yake: da sabon inji aka daidaita lissafin. Idan ƙura da baƙin hayaƙi sun daskare a bawul, ko salansa ta toshe, lissafi yana nan yadda yake, inji kuwa ya canza.

Hanyar da ta fi kusa da gaskiya ita ce a sanya na'urar auna matsi a cikin silindar kanta. Faɗin sararin silinda sananne ne daga inda fistin yake, nauyin sabuwar iska kuma an auna shi a bakin shiga. Dokar iska ta ɗaure matsi da faɗi da zafi da nauyi wuri guda, don haka idan an san uku za a sami na huɗun, a cire nauyin sabuwar iska da na mai, abin da ya saura shi ne hayaƙi. Matsalar tana wajen zafi, wanda babu mai auna shi kai tsaye a mota, kuma shi kansa ya dogara da yawan hayaƙin da ake nema. Injiniyoyi suna warware wannan ƙulli ta hanyar yin hasashe, su gwada shi da yadda matsi ya hau lokacin matsewa, su gyara, su sake gwadawa a zagaye na gaba. Dabarar lissafin da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda aka yi amfani da ita a tafiyar kumbon Apollo zuwa wata, tana cikin kayan wannan aiki.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne injin fetur mai kama wuta da kansa. A 1979 Shigeru Onishi da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa a injin mai matakai biyu, zazzafar ragowar hayaƙi tana iya sa man ya kama wuta a ko'ina cikin silinda lokaci guda ba tare da fulogi ba, da ƙarancin shan mai da ƙarancin guba. Kamfanin Honda ya gwada dabarar a babur ɗin da ya shiga tseren Dakar na 1995. A irin wannan inji zafin ragowar ne yake yanke lokacin kamawar wuta, kuma kowane zagaye yana gadon hayaƙin wanda ya gabace shi. Idan wuta ta makara a wani zagaye, ɗanyen man da ya saura yana iya sa na gaba ya kama da wuri da ƙarfin da zai riƙa dukan fistin, kuskure ɗaya ya haifi wani. Da kamfanin Mazda ya fito da injinsa na Skyactiv-X a 2019, ya sanya na'urar auna matsi a kowace silinda domin kwamfuta ta bi diddigin kowace ƙonawa, amma ya bar fulogi a wurinsa, shi ne yake kunna 'yar wutar da take ƙara matsi har sauran man ya kama da kansa a lokacin da ake so.