Rayuwar Iyali da Renon Yara a Lokacin Kaka

Gabatarwa

Bahaushe ya raba shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani. Kaka ita ce lokacin da ruwan sama ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, daga wajen ƙarshen watan Satumba zuwa Disamba, sa'ad da hunturu yake kankama. Galibi idan ana batun kaka akan tsaya ne ga manomi da dammunansa. Wannan maƙala kuwa za ta dubi cikin gida, don a ga yadda wannan lokaci yake shafar ƙananan yara da masu renonsu, musamman a karkara.

Abinci da Aikin Gida

Watannin da suka gabaci kaka su ne mafi tsanani ga talaka, domin hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana kuma bai nuna ba. A nan ne tamowa takan fi kama yaran da aka yaye. Saboda haka shigowar sabon gero babban sauƙi ce ga uwa. Yara su ne sukan fara ɗanɗanar kaka, da tumun da ake gasa musu, da dafaffiyar gyaɗa, da takanɗar da suke sha a bakin gona.

Sai dai yalwar takan zo da aiki. Maza suna gona wajen girbi da ɗaurin dami da jido, mata kuwa ga sussuka da sheƙa da ɓarar gyaɗa da wake, ban da daka da girki na kullum. Uwa mai goyo takan yi yawancin wannan aiki da jariri a bayanta. Wanda ya fara tafiya kuma akan bar shi a hannun yayarsa ko kakarsa. Ta haka yarinya 'yar shekara bakwai takan koyi goyo da rarrashi tun kafin a ba ta tukunya.

Tarbiyya da Wasa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kaka yaro yakan ga sakamakon aiki da idonsa. Shi ake aika ya kai abinci gona, ya kori tsuntsaye daga dawa, ya bi tsofaffi wajen kala. A gabansa mahaifinsa zai fitar da zakka, wato ɗaya bisa goma na hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, sa'an nan a aike shi da damin maƙwabci ko na malam. Wannan darasi ne na kyauta da zumunci wanda ba a biya shi a kan allo.

Haka kuma karan da aka girbe yakan zama kayan wasa, yara maza su ƙera mota da shi. Da dare, idan akwai farin wata, 'yan mata su fita gaɗa a dandali, ƙanana kuma su kewaye tsohuwa don tatsuniya. Akwai dai tarnaƙi guda. Tun daga shirin ilmin firamare na bai ɗaya da aka ƙaddamar a Nijeriya a 1976, makaranta ta shiga ƙauyuka da yawa, kuma zangon farko na shekarar karatu yakan faɗo daidai da girbi. Uba yakan rasa yadda zai yi: ya saki yaro ya tafi aji, ko ya riƙe shi ya taya shi aiki.

Lafiyar Yara

Duk da ƙoshin da ake samu, kaka ba ta rasa nata haɗari. Kududdufan da damina ta bari suna cike da sauro, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙamari a ƙarshen damina da farkon kaka, ya fi kuma yi wa 'yan ƙasa da shekara biyar illa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata a wannan lokaci, a ƙasashen Sahel. Bugu da ƙari, macizai irin su kububuwa sukan ɓuya a cikin tarin kara da harawa, inda yara suke son wasa. Gyaɗa da masarar da aka adana ba su bushe sosai ba kuma sukan yi funfuna mai guba, wadda take cutar da hanta, ta kuma hana yaro girma yadda ya kamata. Da hunturu ya shigo sai tari da mura da kaushi su biyo baya, ga kuma ƙunar da yara sukan samu wajen jin ɗumi.

Kammalawa

Babban abin da ya rataya a wuyan maigida shi ne tattalin rumbu. A kaka hatsi yake araha, a kaka kuma ake bukukuwan aure da biyan bashin damina. Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ta nuna yadda talakawan manoma sukan sayar da hatsinsu da an gama girbi, su dawo su saya da tsada daga baya. Idan kuma maigida ya tafi cin rani, uwa ce za ta auna abin da ya bari har ya dawo. Don haka abin da yaro zai ci a watan Agusta tun a watan Nuwamba ake yanke shi, ranar da aka tsai da shawarar dami nawa za a kai kasuwa, nawa kuma za a rufe a rumbu.