Wace Kyamara Ce Za Ta Jure Fadamar Guri?

Duk wanda ya tashi sayen kyamara marar madubi mai tsada, abin da ake fara karanto masa shi ne yawan megafiksel: Sony A1 tana da 50, Canon EOS R5 da Nikon Z8 kuma kusan 45, kuma dukkansu na ɗaukar bidiyon 8K. A takarda babu ta yarwa. Amma mai ɗaukar hoto a Guri ko Haɗejiya, wanda aikinsa ya haɗa hawan salla da biki da masunta a cikin kwale-kwale da tsuntsayen da ke sauka fadama daga Turai lokacin hunturu, ya kamata ya fara da wata tambayar daban: wace ce za ta jure zafi da ƙura, kuma nawa zai rage masa na sayen gilashi?

Kamfanonin nan da kansu sun ƙayyade cewa kyamarorinsu na aiki ne har zuwa digiri 40 na zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu da Mayu yankin Haɗejiya yakan zarce hakan. Da R5 ta fito a 2020, ƙorafin da ya fi yawa a kanta shi ne ɗaukar zafi da tsayawa in an daɗe ana naɗar 8K. Shi ya sa wanda bidiyo ne abincinsa gara ya dubi masu fanka a ciki, irin su Sony FX3 ko Panasonic Lumix S5 II. Sai ƙura. Tunda babu madubi, da an cire gilashi sensa na fuskantar iska, kuma hazo ba ya jira. Z8 na da murfin da ke rufe sensa in an kashe ta, R5 ma tana sauke labulenta. Wannan ƙaramin abu ya fi megafiksel goma amfani ga wanda mai gyara mafi kusa da shi yake Kano.

Za a ce ai yawan megafiksel na ba ka damar yanko dinya ko zalɓe daga nesa ba tare da hoton ya fashe ba. Gaskiya ne, kuma mai bin tsuntsaye a fadamar Baturiya zai ci moriyar hakan. Sai dai yanka ba ya maido da abin da gilashi bai gani ba. Matsakaiciyar kyamara da gilashi mai milimita 600 ta fi babbar kyamara da guntun gilashi. Ga kuma kuɗin da ba a faɗa wa mai saye: katin CFexpress, da kwamfutar da za ta iya tace 8K, da batura na ajiya a inda wuta ba ta da tabbas, alhali yawancin aikin a waya za a kalle shi, ta WhatsApp ko Facebook, bayan sun matse shi.