Ciwon mutum asirinsa ne

Ƴan uwa manoma, maza da mata, ga wata magana da ta shafi lafiyarmu da gonakinmu.

Mutane da yawa a karkara suna ɓoye ciwo. Ba rashin kuɗin magani kaɗai ke hana su zuwa likita ba. Tsoro suke yi kada zancensu ya kai dandali ko bakin rijiya. Sai mai tari ya yi wata uku yana ɓoyo. Damina ta faɗi, ba ya iya ɗaga hauya. Haki ya cinye hatsi, ciwo ya cinye jiki.

To, ku sani: abin da ka gaya wa likita amana ce. A ƙasarmu Nijar doka ta hana likita da ungozomar asibiti da mai farmasi su tona asirin marar lafiya. Wanda ya tona, ana iya kai shi gaban shari'a. Dokar da aka yi kan ciwon sida a 2007, aka sabunta ta a 2015, ta ƙara ƙarfafa wannan. Maigari ba ya da hakkin ya tambayi ciwonka. Haka shugaban ƙungiyar manoma, haka malamin gona.

Amma akwai hanya 3 da labarin ciwo ke fita, kuma ba laifi ba ne.

1. Daga likita zuwa likita. In aka tura ka babban asibiti, Maraɗi ko Zinder ko Tawa, za a haɗa ka da takarda. Ita ke gaya wa likitan can abin da aka gani da maganin da ka sha. Kada ka yar da ita.

2. Ciwon annoba. Sanƙarau da ƙyanda da kwalara ba su tsayawa gida guda. Tilas likita ya sanar da shugabanninsa maza-maza, don a kawo magani da rigakafi. Mun ga sanƙarau a 2015. Mun ga kwalara a Madarunfa a 2018. Wannan labari hannun ma'aikatan lafiya yake zuwa, ba kasuwa ba.

3. Da yardarka. Kai ne za ka ce a gaya wa wane. Mai tarin fuka ya kyautu ya yarda a duba mutanen gidansa, domin iska guda suke shaƙa. Ƙaramin yaro kuwa, da uwayensa ake magana.

Yanzu ga namu aikin, mu da muka yi yaƙi da jahilci. Sau da yawa maƙwabci zai kawo maka takardar asibiti, ya ce ka karanta masa. Ku koma gefe ku biyu. Ka karanta masa a hankali, ka mayar masa da abinsa. Kada ka ba kowa labari, ko mutanen gidanka. Kada ka ɗauki hoton takardar da salula ka aika wa wani. Wanda ya nuna maka cikin rumbunsa, ba cewa ya yi ka yi shela ba.

In kai ne ba ka da lafiya, ka faɗa wa likita gaskiya duka. In maganin ƙwari ne ya taɓa ka wajen feshi, ka tafi da kwalinsa ya gani. In akwai jama'a a ɗakin, ka ce kana son magana ku biyu. Hakkinka ne.

Mu rufa wa juna asiri, mu je likita da wuri. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.