Ababan Hawa na Lantarki da 'Yancin Gyara: Mallaka ko Aro?

Gabatarwa

A cikin 'yan shekarun nan wasu ƙananan ababan hawa masu aiki da batir sun cika titunan biranen Turai da Amurka. Daga cikinsu akwai keken lantarki, da sikuta wadda ake tsayawa a kanta, da kuma wani allo mai ƙafa ɗaya tak a tsakiyarsa, wanda ake kira Onewheel. Matasa sun ƙallafa rai a kansu ƙwarai, domin ba su shan fetur, ba su hayaƙi, kuma suna kutsawa inda mota ta cije. Sai dai wata tambaya ta taso a tsakanin masu su, watau, idan abin ya lalace, wa ke da ikon gyara shi? Wannan maƙala za ta dubi tambayar ta hanyar misalai guda biyu.

Tushen Matsalar

Keken da aka saba da shi ba ya ɓoye komai. Duk mai gyaran keke na bakin titi yana iya kwance shi ya mayar. Shi kuwa na lantarki, akwai wata 'yar kwamfuta a cikinsa wadda ke sarrafa batir da inji, kuma kamfani ne kaɗai ke riƙe da sirrinta.

Alal misali, kamfanin Future Motion na Kalifoniya, mai ƙera Onewheel, ya fito da samfurin GT, wanda ya shiga hannun masu saye a 2022. Ba a daɗe ba aka gano cewa da zarar an cire wayar batir ɗinsa, sai allon ya ƙi tashi, har sai an aika wa kamfanin. Wannan ya sa wasu masu sha'awar abin suka riƙa cire na'urar kamfanin, suna sa wata mai suna VESC, wadda tsarinta a buɗe yake ga kowa.

Misali na biyu ya fi wannan tayar da hankali. Kamfanin VanMoof, wanda aka kafa a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1999 da goma, watau 2009, ya karye a watan Yulin 2023. Yawancin kayan kekunansa shi kaɗai ke yinsu, kuma mabuɗin da ke haɗa keke da wayar mai shi yana fitowa ne daga kwamfutocin kamfanin. Nan take hankalin masu kekuna ya tashi. Sai da abokin gasarsa, kamfanin Cowboy na Beljiyam, ya fito da wata manhaja wadda ta ba su damar adana mabuɗansu. A nan ne mutane suka gane cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Hujjar Kamfanoni

Duk da haka, kamfanoni ba su rasa abin faɗi ba. Batirin litiyam, idan aka yi masa gyaran ganganci, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A 2023 kaɗai gobarar irin wannan batir ta hallaka mutum 18 a birnin New York. Amma masu neman 'yancin gyara suna cewa hana gyara ba ya maganin wannan. A ganinsu, wanda aka hana wa kayan asali da littafin gyara, shi ne ke komawa ga jabu.

Matakin Hukuma

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar batir, wadda ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 tilas ne makaniki mai zaman kansa ya iya canza batirin irin waɗannan ababan hawa. Haka kuma a 2024 ta zartar da dokar 'yancin gyara gaba ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, gardamar ba ta tsaya kan batir da ƙusa ba, ta shafi ma'anar mallaka ce. Wanda ya biya kuɗinsa cif, amma sai ya nemi izini kafin ya kwance abinsa, ɗan haya ne da sunan mai kaya. Idan aka wadata makanikai da kayan asali da horo, an tsare rai, an kuma tsare haƙƙin mai saye.